Gashin da Iska ta Kaɗa

Bayan azahar kaɗan aka kawo rahoto komisariyar Tasawa, ofishin 'yan sanda, cewa an tsinci Dodo mai hoto kwance cikin shagonsa, babu rai.

Sufeto Amani na zaune gindin bishiyar bedi yana fifita da bangon wani tsohon dosiye na takardun ƙara. Shekarar ce fari ya sake dawowa, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, gari ya cika da baƙi daga arewa waɗanda dabbobinsu suka ƙare a hanya. Ƙarar da ya saba ji ita ce ta satar hatsi. Kisan kai kuwa ya daɗe bai gani ba, kuma bai yi kewarsa ba.

Ya san Dodo. Shi ya ɗauki hoton aurensa, ya kuma share masa tabon da ke goshinsa ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Har yau matar Amani takan ce wancan na jikin bango ya fi wanda ta aura kyau.

Ya kira Sanda, ɗan sanda mai furfura wanda ya riga shi shiga aiki, suka nufi bakin kasuwa.

Allon ƙofar na nan yadda yake: FOTO DODO, ANA ƊAUKA ANA GYARAWA. A ciki tsohon na kwance rigingine, ƙeyarsa a kan dakalin siminti na ƙofar ɗakin wanke hoto. Kamara na tsaye kan ƙafafunta, agogo na ɗaure a hannunsa.

"Ba ɓarawo ba ne, shef," in ji Sanda. "Ɓarawo bai barin agogo cikin shekarar yunwa."

Amani ya durƙusa. A ƙasa akwai babban katakon hoto, gilashinsa ya tarwatse, hoton da ke ciki babu shi. A wuyan farar rigar mamacin kuma ga shatin yatsu na shuni, irin wanda sabon rawani kan bari a hannu.

Ya daɗe yana duban shunin. Rabin baƙin da ke bayan gari da irin wannan rawani suke yawo. In maganar ta kai kunnen soja, kafin magariba za a kwashe su kamar fara. Ya ja mayafi ya rufe gawar har wuya.

Ya duba teburin Dodo, ya jawo aljihunansa ɗaya bayan ɗaya. Akwai fim, akwai takardar hoto, akwai almakashi. Amma shagon da ke tallar gyaran hoto babu fensirin gyara ko guda a cikinsa.

"Shef," Sanda ya rage murya, "sojoji sun riga mu. Sun kama Cha'ibu."

Cha'ibu shi ne ɗaya mai hoton garin. Kowa ya san sun yi cacar baki da Dodo a kan aikin hotunan katin taimakon abinci, wanda hukuma ta ba Dodo. A wancan zamani soja ba ya son gawa ta wuni babu mai laifi a hannu. Kumandan sojan garin ya aiko wa Amani saƙo gajere: motar fursuna ta Maraɗi na tafe, in ta zo da Cha'ibu za ta koma. Wanda ya shiga motar nan kuwa, iyalinsa sai dai su riƙa jin labari.

Amani ya sami Cha'ibu a tsugune cikin ɗakin tsaro, leɓensa a kumbure.

"Ina kake yau da hantsi?"

"Korgom, ranka shi daɗe. Na tahi ɗaukar hoton suna."

"Sunan ɗan wa?"

Cha'ibu ya kau da ido.

"Mai shayin ƙofar Dodo ya gan ka ka shiga," in ji Amani. "Cha'ibu, ni ne kaɗai a garin nan ke tambayarka da baki. In ka ci gaba da yi min ƙarya, zan bar ka da masu tambaya da takalmi."

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Na shiga. Ruwan wanke hoto ya ƙare mani, na je aro. Faɗanmu na baki ne, ranka shi daɗe, shi ya koya mani aikin ga. Na bar shi lahiya lau, har da dariya."

"Me ka gani a shagon?"

"Babban hoto bisa tebur, cikin katako. Wata Buzuwa. Ya ce mai shi na zuwa karɓa."

"Sai me?"

"Da na shiga, tsohon ya ɗauka Sanda ne, da sunanshi ya kira ni. Sai da na yi magana ya gane ni. Ga ni gabanshi kamar ni da kai, da rana tsaka."

"Kana nufin ba ya gani?"

"Ya daɗe shina ɓoyewa. In hukuma ta sani, aikin kati ya kuɓuce mashi. Ni na sani, ban hwaɗa ma kowa ba, ko da munka yi hwaɗa." Ya share ido da bayan hannu. "Amma hoton can an yi mashi gyara na gwani. Fuska sumul, ko silin gashi babu. Wanda ya yi aikin ga idonshi garau yake. Ba Dodo ba ne."

Gidan Dodo na bayan shagon, lungu ɗaya ya raba su. Mata sun cika tsakar gida ana zaman makoki. Amani ya nemi ganin Saudatu, ɗiyar mamacin, wadda ta dawo gidan ubanta tun da mijinta ya rasu. Ta fito zaure a lulluɓe.

"Allah shi jiƙan Baba, Saudatu."

"Amin. Na gode."

"Wa ke gyara masa hotuna?"

"Shi da kanshi."

"Da wane ido?"

Amani ya dubi hannunta na dama da ke riƙe da bakin mayafi. Gefen ɗan yatsan tsakiya ya yi kanta, ya yi baƙi da bakin fensir.

"Ba tona masa asiri na zo yi ba," ya ce a hankali. "Akwai mutum a ɗaure wanda ina jin bai yi komai ba. Nuna min inda kike aiki."

Ta kai shi ɗakinta. A bakin taga akwai akwatin katako mai gilashi a sama, da madubi a ƙasa mai jefo hasken rana. A kan gilashin ake ɗora fim. Gefe ga fensura an fiƙe su kamar ƙaya, ga allura an soke ta a guntun kara.

"Tun da idonshi ya fara hazo nike yi," ta ce. "Shi ya ɗauka, ni in shiga ta ƙofar baya in wanke, in kawo nan in gyara. Ya ce kada kowa ya ji, ko da wuƙa a wuya."

"Hoton Buzuwar fa?"

"Daga sansanin Mayahi ne. An kai Baba can ɗaukar hotunan kati. A fili anka yi su, iska na kaɗawa, kowa ya fito yamutse. Na kati ba a gyara su, babu lokaci. To sai mijinta ya zo ya ce ta rasu, shina son babba wanda zai aje."

"Kin gan shi?"

"Ta bayan labule. Dogo ne, siriri. Ya ce gadi yake yi a Mayahi. Ban riƙe sunanshi ba."

"Me kika gyara a hoton?"

"Gashi. Iska ta zame mata lulluɓi, gashin ya bazu a kumatu har bakin leɓe. Na ce baiwar Allah ta riga mu gidan gaskiya, ga hotonta za a rataya maza na kallo, kanta a waje. Sai na rufa mata asiri. Na wuni a kanta, sili-sili. Inda fensir bai ci ba na kankare da allura. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba."

"Mijin ne ya ce a gyara?"

"Ba a tambaya, Sufeto. Haka shagonmu ke yi ma kowa."

Amani ya shafa tabon goshinsa.

"Akwai yadda zan ga fuskarta?"

Saudatu ta jawo wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado. "Kafin in taɓa fim, nikan wanke ƙarami guda in aje gabana, don in ga inda zan bi. Baba bai ma san ina yi ba, da ya ce ina ɓarnar takarda."

Ta zaro ɗan hoto wanda bai fi tafin hannu ba. Mace ce ramammiya, yunwa ta fito mata da ƙasusuwan wuya. Amma iska ta ɗauke gefen lulluɓinta, gashi ya watsu a fuskarta, ita kuma tana dariya har idanunta sun ƙanƙance.

Amani ya sa hoton a aljihun ƙirji. A lokacin bai ɗauke shi a bakin komai ba sai abin tambayar hanya.

Da gari ya waye ya je gaban Kumandan ya roƙi a ba shi mota da isansi, wato man fetur, zuwa Mayahi. Kumandan ya ce mai laifi na hannu, yawon me za a yi? Amani ya yi ta "ranka ya daɗe" har mutumin ya gaji, ya jefo masa makulli, ya ce motar Maraɗi dai ba ta jiran kowa.

Hanyar duk rairayi ce da gonakin da babu ko karan kirki. Nan da can ga ƙasusuwan shanu sun yi fari a rana. Sanda na tuƙi, yana ambaton Allah duk inda suka wuce wani.

Sansanin na bayan garin Mayahi, bukkokin tabarma da tsofaffin buhuna. Mata sun yi layi da ƙore a hannu suna jiran rabo. Amani ya nuna wa wata tsohuwa hoton. Ta kai shi kusa da ido, sai ga murmushi da hawaye tare.

"Bintu ce. Allah sarki, Bintu. Ga ta nan sak. Gashin ga bai taɓa jin magana ba. Ni na yi mata wanka, ɗana, har cikin likkafani sai da munka yi ta tura shi shina fitowa."

"Ina mijinta?"

"Alkasim? Shina gadin sito bakin tasha. Jiya da dare ya dawo daga wata tahiya, bai gaida kowa ba."

Sun same shi zaune a inuwar siton, rawaninsa ya rufe rabin fuska. Yana dafa shayi a gwangwanin tumatir. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma. Ya amsa sallama, ya shimfiɗa musu tabarma kamar ya san da zuwansu.

"Malam Alkasim, yaushe rabonka da Tasawa?"

"Tun kaka."

"Ka san Dodo mai hoto?"

"Ban san shi ba."

"Me ya sami hannunka?"

"Wuƙa."

"Buɗe in gani."

Ya warware tsumman ba gardama. Yankan ba ɗaya ba ne, ƙanana ne barkatai a tafin hannu, irin na wanda ya zaro abu daga cikin fasasshen gilashi.

"Wuƙarka tana da baki da yawa," in ji Amani. "Ina butar shayinka? Ban taɓa ganin mutumin arewa na dafa shayi a gwangwani ba."

"Na sayar."

"Ka sayi me?"

Alkasim ya dubi garwashi. Sanda ya leƙa cikin rumfar gadin, ya fito da wata tabarma a naɗe, an ɗaure ta da igiyar fata. Mai ita ya yunƙura kamar zai tashi, sai ya koma ya zauna.

Amani ya kwance igiyar. Babban hoton ne. Mace ce mai kyau, lulluɓinta daidai, kumatunta sumul, tana dariyar da ba a san dalilinta ba. Aikin Saudatu ya yi kyau ƙwarai. Amma a kan kumatun wani ya bi da tsinken kwalli ya ja layuka baƙaƙe, karkatattu, daga kunne zuwa baki. Ya ja, ya goge da yawu, ya sake ja, har takardar ta kusa hujewa.

Sai a nan Amani ya gane abin da ya kashe Dodo.

"Kai ka zana wannan?"

"Na so in mayar mata," in ji Alkasim. "Hannuna bai iya ba."

Amani ya zaro ƙaramin hoton daga aljihu, ya ajiye shi kusa da babban.

Mutumin ya ƙura wa ƙaramin hoton ido. Daga baya ya sauke rawanin daga bakinsa, abin da irinsu ba sa yi gaban baƙo. Ya miƙa yatsa zai taɓa, ya fasa, ya goge yatsan a riga tukuna.

"Ina ka samo ta?"

"Faɗa min abin da ya faru jiya, sannan in faɗa maka."

Alkasim ya yi magana idonsa na kan hoton.

"Haka na fara ganinta bakin rijiya, gashi a fuska, uwarta na mata faɗa. Haka ta zauna gidana. Da fari ya zo, raƙuma sunka mutu, awaki sunka bi, dariya ta ƙare mata. Tun daga arewa har nan ban ga haƙoranta ba. Ranar hoton kati, ta zauna gaban ƙyallen mai hoto, iska ta fizge lulluɓin, sai ta yi dariya. Ina tsaye ina kallo. Ita ce ta ƙarshe. Da ta rasu, masu rabo sunka karɓe katin, sun ce doka ce. Na roƙi su bar mani hoton kawai, sunka ƙi."

"Sai ka je wurin Dodo."

"Na ce ya yi mani ita babba. Jiya ya miƙo mani wagga." Ya nuna babban hoton da haɓa. "Na ce ba matata ba ce. Ya ce ita ce, an gyara ta ne. Na ce to a maido yadda take. Ya ce abin da allura ta kankare bai dawowa. Na ce wa ya taɓa ta? Ya bugi ƙirji ya ce shi ne, da hannunshi, kuma kamata ya yi in gode da ya rufe tsiraicin matata. Na tambaye shi har sau nawa, ya ce shi ne."

Ya dubi tafin hannunsa, ya ci gaba.

"Na kama wuyan rigarshi. Wallahi girgiza shi kawai na so yi. Katakon ya faɗi, ya ja da baya, ƙafarshi ta zame. Na ji ƙarar kanshi bisa dakali. Na kira shi bai amsa ba. Na ɗauki hoton na gudu. Tsoho ne, sa'an ubana."

Sanda ya juya baya yana kallon tasha. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Garin neman gira an rasa ido."

"Yanzu faɗa mani," in ji Alkasim. "Ina ka samo ta?"

Amani ya so ya yi ƙarya. Ya yi shekaru yana matsa wa mutane su faɗi gaskiya, yau ga shi tana masa ɗaci a baki.

"Tana cikin gwangwani a gidansa, lungu ɗaya daga inda kuka tsaya."

"Mi ya hana shi ba ni?"

"Bai san da ita ba. Dodo ba ya gani, Alkasim. Bai taɓa ganin gashin matarka ba, balle ya share shi. Ɗiyarsa ce ta yi aikin, don ta ji an ce Bintu ta rasu, ta so ta suturta ta. Ita ta ajiye wannan. Shi kuma ya gwammace ka shaƙe shi da ya ambaci sunanta gaban baƙo."

Alkasim ya rufe fuska da hannu biyu. Kukansa ba shi da sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Shayin ya tafasa ya zube a garwashi, babu wanda ya sauke shi.

Da ya natsu ya ce, "An kama wani a kaina?"

"An kama. Ana shirin wucewa da shi Maraɗi."

Alkasim ya miƙe tsaye, ya gyara rawani, ya miƙa hannuwansa biyu. "To mu tahi da sauri. Guda ya isa."

Sanda ya sa masa ankwa a hankali, yana kauce wa yankan.

Amani ya naɗe babban hoton don dosiye. Ƙaramin ma shaida ne, doka ta ce ya shiga dosiye, daga nan ya tafi kotu, daga kotu kuma babu wanda ya san inda takardu ke ƙarewa. Ya tsaya da shi a hannu. An riga an karɓe wa mutumin nan matarsa sau ɗaya da sunan doka.

Ya soka hoton tsakanin yatsun Alkasim.

"Shef," in ji Sanda, "in an tambaya fa?"

"Hoto ɗaya muka samu."

La'asar sakaliya suka shigo Tasawa. Motar Maraɗi na tsaye ƙofar bariki, injinta na ruri. Aka fito da Cha'ibu daga cikinta yana ɗingishi, yana waige-waige kamar bai yarda ba. Aka tura Alkasim gurbinsa.

Kafin a rufe ƙofa ya kira Sufeto.

"Ka ce ma ɗiyar tsohon ga aikinta ya yi kyau. Ka ce mata ba ita ta yi laihi ba. Ba ni da bakin roƙon gafararta."

Motar ta tashi. Ta ramin wayar ƙofa Amani ya hango shi a duƙe, ya haɗa hannuwansa masu ankwa a ƙirji, yana kare ɗan hoton daga iskar hanya.

Sanda ya tambaya ko su koma komisariya. Amani ya ce ya yi gaba. Shi kuma ya juya ya nufi lungun bayan shagon Dodo, yana tafe a hankali, don Saudatu za ta tambaye shi dalilin da ya sa aka kashe ubanta, kuma bai san ta inda zai fara ba.